Baffa da Faifan Minti Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, ƙanen mahaifina, ya rasu wata Talata da hantsi a gidanmu na unguwar Umbadda a Omdurman, yana zaune a bakin gado, shayinsa ko rabi bai sha ba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar an kafa siwan a ƙofar gida, rumfar nan ta zaman makoki, maza suka cika ta, mu mata muna ciki.

Ina karɓar gaisuwa ina kuma jin abin da ake faɗa, don ni kunnena ba ya hutu ko a gidan mutuwa. Mace za ta shigo ta rungume ni, "Albaraka fikum," ta share hawaye, tana zama sai ta karkata ga ta kusa da ita: "Wai shi ne mai gyaran garmahon nan? Allah sarki, bai bar komai ba ko?" Wata tsohuwa daga unguwar Alsawra ta ce mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Wata ta karɓe, ko murya ba ta rage ba: "Ai shi ne ya yanke musu asali." Gwaggo, ƙanwarsa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, tana zaune da carbi tana ji. Ba ta ce ƙarya ne ba.

Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba! Shekara hamsin da ɗoriya ana jifansa da wannan magana yana da rai, ya mutu ma ba a bar shi ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kuma in faɗi gaskiya, ba da sanyin zuciya nake rubutun nan ba, saboda abin da aka yi a rana ta uku ta makokinsa.

Baffa mai gyara ne. Shagonsa yana Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu a Khartum, a matse tsakanin masu walda da masu gyaran lagireto, wurin da ko kiran salla da ƙyar ake ji. A cikin wannan hayaniya ya zauna yana gyaran rediyo da garmaho har gashinsa ya yi fari. Maƙwabtansa suna cewa usɗuwana, shi kuwa faifai yake cewa, ko da Balarabe yake magana. Ba ya taɓa fuskar faifai da yatsa. Sai ya wanke hannu, ya goge, ya riƙe shi ta gefe. Idan wani ya kai hannu, ko babban mutum ne, zai ji tsawa: "Ya zol, ba kisra ba ce!" Wato: kai malam, ba gurasar dawa ba ce.

Bayan na yi aure a kusa da can, ni nake kai masa abincin rana. Wata rana na tarar da wani direban lori ya shigo yana huci, riƙe da ƙaramin faifai.

"Ya Hajj, an cuce ni. Na ɗora shi, kafin in shanye jabana, ɗan kofin gahawar nan, ya ƙare. Na maƙwabcina kuwa sai ya yi ta yi kamar ba zai tsaya ba."

Baffa ya karɓa ya ajiye a gefe. Ya ɗauke faifan kaba da na rufo kwanon abinci da shi, ya ɗora yatsa a bakinsa ya fara bin saƙar yana zagayawa.

"Ka ga wannan? Layi ɗaya ne aka naɗe tun daga baki har cibiya. Haka hanyar allura take. Naka ƙarami ne, kuma juyi arba'in da biyar yake yi a minti, dole ya ƙare da wuri. Na maƙwabcinka babba ne, talatin da uku yake yi, yana tafiya a hankali, sai ya kai minti ashirin. Amma je ka ɗora su ka saurara da kunnen basira. Naka ya fi fita. Idan faifai yana gudu, kowace kalma tana samun wurin miƙe ƙafa. Idan yana jan jiki, mutum goma ne aka cusa a ɗakin mutum uku."

Direban ya ce to me ya hana a haɗa duka biyun.

"Tsawo da daɗi ba sa hawa jaki ɗaya," in ji Baffa. "Kuma ka lura, zagayen baki dogo ne, na cibiya gajere, juyin kuwa ɗaya. Shi ya sa waƙar ƙarshe kullum take shaƙewa. Tashi ka tafi, ba wanda ya cuce ka."

Wannan karin maganar tasa ta jaki kowa a danginmu ya haddace ta. Haddacewa kawai suka yi, ba su gane ta ba.

Ga asalin rigimar. Kaka, mahaifiyarsu, da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, iyayenta sun fito da niyyar aikin hajji. Ubanta ya rasu a hanya, uwarta ta tsaya a Omdurman tana sayar da ƙosai, tafiya ta ƙare a nan. Kaka ba ta son zancen. Idan aka tambaye ta daga ina, sai ta ce "can gida," ta tashi ta kama wani aiki. An san dai ƙasar Hausa ce, amma sunan ƙauyen da sunan gidan ubanta suna cikinta ita kaɗai.

Lokacin Baffa yana saurayi ya samu wani mataccen injin yankan faifai a shagon da ake rufewa. Ya yi wata da watanni yana fama da shi har ya tashi. Faifai ɗaya tak ya zo da shi wanda ba a yanka ba, mai inci goma, ƙarfe ne a ciki an shafe shi da wani baƙin abu mai laushi. Gefe ɗaya ya ƙare a gwaji, ya yanka muryarsa rabi da gudu rabi a hankali don ya ji bambanci. Saura gefe ɗaya. Sai da aka yi ta lallashi kafin Kaka ta yarda za ta faɗi labarin hanya a gaban injin.

Gudu biyu injin yake da shi. A talatin da uku za a samu minti bakwai ko takwas. A saba'in da takwas, minti uku da 'yan kai. Baba, mahaifina, shi ne babba, ya ce a sa a hankali. Baffa ya ce ya gwada, a hankali injin rawa yake yi, murya tana nutsewa cikin shuu, kuma muryar Kaka siririya ce, haƙoranta sun zube, kafin a kai cibiya ba za a gane ko mutum ne ko iska ba. Baba ya ce shi dai ya faɗa. Baffa ya murɗa saba'in da takwas, ya roƙi Kaka ta shiga labari kai tsaye, ban da gaisuwa.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa. "Ni ba a daji aka haife ni ba."

Allura na sauka ta yi sallama. Ta gaida waɗanda za su ji, ta tambayi kwanansu da gajiyarsu da yaransu, ta gaida jikokin da ba a haifa ba, har da dariya ta yi ta ce ko za su ji Hausa oho. Ta yi wa iyayenta addu'a. Sannan ta kama hanya, kuma daga Omdurman ta faro tana komawa baya, zango bayan zango. Tana bakin wani kogi da suka haye a kan ƙwarya, ko rabin hanya ba ta kai ba, allura ta iso cibiya.

Tun daga ranar Baffa ya zama wanda ya yanke mana asali. Kaka ta rasu a daminar shekarar. Ni ban riske ta ba, bayan shekara biyu aka haife ni. Amma na san muryarta fiye da ta wasu masu rai, don kowace Babbar Salla bayan an ci nama Baffa yakan fito da faifan ya ɗora sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Ya ce baƙin nan mai laushi ne, duk wucewar allura tana ɗan cin sa. Kana ji kamar tana zaune a tabarmar da kake. Ana jin yadda take tsotsar baki kafin ta yi magana, ana jin awarwaronta idan ta ɗaga hannu.

Gwaggo ba ta taɓa zama an ji da ita ba. Da ta ga ya ɗauko akwatin garmahon sai ta yafa mayafi ta ce ita ba za ta saurari rabin magana ba. Baba yakan zauna, amma sai ya ɓata ranar. Wata Salla ina ji ya ce, "Yaran nan idan aka tambaye su su wane ne, me za su ce? Fallata kawai, kamar yadda ake kiranmu a titi? Kai ka jawo." Baffa ya ce, "Yaya, ka ji uwarka ko ba ka ji ta ba?" Baba ya ce ya ji gaisuwa. Suka yi wata uku ba sa magana, gida ɗaya, buta ɗaya.

Na taɓa tambayarsa, ni da shi a shago, me ya sa ba a sake tambayar Kaka ba bayan faifan ya cika. Ya daɗe yana goge wata allura kafin ya amsa.

"'Yata, ai ba ta tsaya ba. Ba ta san ya ƙare ba. Ta ci gaba har ta kai gida, ta faɗi sunan ƙauyen, ta faɗi sunan ubanta da na kakanta. Mu biyar ne a ɗakin. Ni idona yana kan allura ina kwashe zaren da take yankowa. Babanki yana kaina yana faɗa a kan gudu. Gwaggonki ta fita ɗauko shayi. Sauran suna hira a bakin ƙofa, don sun ce ai ƙarfe yana riƙewa. Da muka farga muka ce ta maimaita, sai ta ce, 'Na faɗa. Ku tambayi ƙarfenku.' Ba ta ƙara buɗe baki a kai ba."

Na ce, "To Baffa me ya sa ba ka faɗa musu haka? Ka bari suna ta ɗora maka kai kaɗai!"

Ya ce, "Sun sani."

Sun sani! Mutum biyar da kunnuwa goma, aka rasa mai riƙe sunan ƙauye ɗaya, sannan aka nemi mai sanyin baki a cikinsu aka rataya masa.

Duk da haka, da Baba ya kwanta ciwon ajali a asibiti aka dawo da shi gida, Baffa ne ya karya dokarsa. Ba Salla ba, ba komai ba, ya ɗauko akwatin ya ajiye a gefen gadon ya ɗora. Baba ya rufe ido, hawaye yana bin kunnensa, yana amsa gaisuwar uwarsa a hankali, "Lafiya lau, Inna. Lafiya lau." Da ya ƙare ya buɗe ido ya dubi ƙanensa ya ce, "Da ka rage gudun nan." Baffa ya gyara masa matashi ya fita da akwatinsa.

Kada wani ya ce me ya hana mu kwafe. Mun kwafa. Kaset ɗin farko rediyo ya cinye shi. Na ɗauka a waya, wayar ta tafi a hannun masu bindiga a kan hanya lokacin da yaƙin nan ya watsa mu, tare da ta kowa. Shagon Mantiƙa kuwa ko ƙusa ba a bari ba. Abin da ya tsira shi ne faifan da akwati ɗaya da yake ajiye a gida, don da za mu gudu Baffa ya ƙi tafiya, ya zauna a Umbadda da yunwa da ƙarar harsashi. Da na dawo na tarar ya rame ya zama kamar sanda, faifan kuwa yana naɗe a zanen Kaka, ko ƙura babu. Muka yi shawara da zarar na samu waya mai kyau za mu ɗora sau ɗaya in ɗauka. Wayar ta zo hannuna saura kwana huɗu ya rasu. Ba mu samu yi ba, da ya rasu kuma na ce sai an share makoki.

Rana ta uku, bayan an yi sadaka an ci abinci, ina cikin mata sai na ji wani gurnani daga waje kamar ana yanka sa, maza kuma suna dariya. Na ɗauka rediyon wani ne. Aka jima na sake ji. Na uku da na ji sai a cikin gurnanin na gane tashin sallama da saukarta. Ko takalmi ban tsaya sawa ba.

Sun fito da akwatin sun ajiye a bakin siwan, a cikin rana tsaka, don nan wayar batirin maƙwabci ta iya kaiwa. Ɗan Gwaggo ne a kai, taubashina, wanda ya yi karatun injiniya kuma ba ya bari a manta. Ya murɗa gudun zuwa talatin da uku. Ya juya allurar zuwa siririyar da aka yi don manyan faifai, wadda take nutsewa har ƙasan layi. Da ta riƙa tsalle, sai ya ɗaure ƙaramin kwaɗon ƙofa a kan hannun allurar don ya danne ta. Wani baƙin gari yana taruwa a bakin allurar, yana hure shi da baki.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ɗago yana murmushi. "Taubashiya, kwantar da hankalinki. Kawu da bakinsa ya ce a hankali ya fi ɗaukar magana. To ga shi, da minti uku ne, yanzu na duba agogo, bakwai yake kaiwa. Sauran maganar tana ciki, matsewa ta yi. Saura kaɗan mu kama sunan."

"Sau nawa ka ɗora?"

"Yani... tun azahar dai."

Ban san lokacin da na ture shi ba. Ni da ban taɓa shiga rumfar maza ba, na tsaya a tsakiyarsu ba mayafi ina ihu. Na ce jahilcin mai takarda ya fi na kowa muni. Na ce a wurin yanka ake zaɓen gudu, ba a wurin ji ba, abin da allura ba ta rubuta ba ko shekara ka yi kana jan faifai ba zai fito ba. Na ce kun ja muryar tsohuwa kun mai da ita ta sa, kuna dariya, a makokin ɗanta! Wani dattijo ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri 'yata, niyyarsu alheri ce." Na ce masa da niyyar alheri aka kashe ta sau biyu.

Ɗan Gwaggo ya daina murmushi. Ya ce shi gidansa na Alsawra ya rushe, aikinsa ya tafi, yana so ya kwashi yaransa ya koma Najeriya, kuma ba zai sauka a tasha ya ce shi ɗan "can gida" ba ne. Ban ce ba shi da uzuri ba, har yanzu ban ce ba. Amma da ya tako cikin gida ya tambaye ni, taku ashirin ne tsakaninmu. Bai tambaya ba don a wurinsu duk abin da Baffa ya sani taurin kai ne, ni kuma mace ce mai kai abinci.

Na kwance kwaɗon na ɗauki faifan ta gefe. Yana da zafi kamar murfin tukunya. Layukan da suke baƙi wuluk suna sheƙi sun koma toka-toka, wajen cibiya kuwa har farin ƙarfen ya leƙo. Na naɗe shi na kai ɗaki na kulle. Kwana biyar ban iya ɗorawa ba.

A rana ta shida da faruwar haka, baƙi sun watse, an naɗe siwan, sai ga Gwaggo ta shigo ɗakina tana dogara bango. Ta zauna a bakin gado. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Sa mini Inna in ji."

Shekara hamsin Baffa yana kiranta tana yafa mayafi. Maganganu sun cika mini baki, wallahi sun cika, amma gwaggona ce. Na wanke hannu. Na mai da allura mai kauri, na murɗa saba'in da takwas, na ajiye waya a gefe tana ɗauka, na sauke hannun a hankali yadda ya koya mini.

Shuu ne kawai, da ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara. Can ƙasa akwai wani abu yana tashi yana sauka, wanda in ba ka riga ka sani ba, ba za ka ce mutum ne ba.

"Ƙara sauti," in ji Gwaggo.

Na ƙara. Shuu ɗin ya ƙaru. Ta matso da kunnenta har yana taɓa akwatin, ta zauna a haka minti ukun nan cur, har allura ta kai cibiya tana ta zagaye wuri ɗaya. Na ɗaga hannun.

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Ke da kika saba ji. Yaya ma muryarta take?"

Na buɗe baki. Kalmomin duk suna kaina, tun daga sallama har bakin kogi, zan iya jero mata su ba tuntuɓe. Amma ba kalmomi ta tambaya ba. Abin da ta tambaya shi ne abin da Baffa ya zaɓa ranar nan, ya sha zagi a kansa har kabari, ya tsare mana shi cikin yunwa da harsashi, mu kuma muka kasa tsare shi kwana uku bayansa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da uwarsa ya ji ta ba da allura ba. Shi na san ya yafe musu tun yana da rai. Ni ban kai nan ba tukuna.